Injin da Ya Niƙa Garin Hadiza

Talata, bayan isha'i.

Likita ya ce kada alkama ta ƙara shiga bakin ɗiyata Hadiza. Yau ta dame ni da kukan taliya, sai na dafa mata ta shinkafa. Na narka cuku cikin madara, na kaɗa da garin shinkafar Ambursa har ya yi kauri. Ta cinye, ta suɗe kwanon.

Ga ta nan kwance tana riƙe da ciki.

Mai injin niƙan Nasarawa nake zargi. Da na tambaye shi ran da na kai niƙan shinkafar, cewa ya yi, "Haba Inna, mi za ya kawo alkama nan?" Amma matar da ta riga ni niƙa, alkaki take sayarwa.

Gobe turmina zan wanke, in daka da hannuna.