Ni ce na watsa majalisar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata na wannan gurup. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, akwai 'yan garinmu a nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, na yi wani abu da ya tsaya mini a rai, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni malamar firamare ce a wani gari tsakanin Malumfashi da Gozaki, ina da aure da yara, gidana da gidan iyayena unguwa ɗaya. Garinmu bai taɓa ganin wutar gwamnati ba, sai bara wani kamfani ya shimfiɗa farantan sola a bayan gari, aka ja waya gida-gida, kowa da mitarsa. To amma wutar ba farashinta ɗaya ba. Daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da rana take dukan farantan, arha take, amma daga magariba zuwa bayan isha'i an koma kan batir, ga kowa ya kunna kayansa, sai farashin ya yi sama. Mutanenmu kuwa manoma ne, da rana suna gona, sai yamma suke gida, nan da nan kati ya ƙare, aka shiga zagin kamfani. Shi ne kamfanin ya ɗauki mata masu ɗan ilimi, tunda namiji ba ya shiga gidajen mutane, mu dinga zagayawa muna koya wa mata dabara. A yi guga da markaɗe da rana, a yi cajin waya da fitila da rana, firji ya yi ƙanƙararsa da rana a bar shi a rufe, a dafa ruwa tun azahar a zuba a filas. Ni kuwa dama Allah ya yi ni da son gyara, ko a makaranta Malama Doka ake ce mini a bayan idona, sai na riƙe aikin nan hannu biyu, kuma gaskiya ya yi wa gidaje da yawa amfani.

Gida ɗaya ne ya gagare ni, gidanmu. Babana tsohon mai sayen auduga ne, ya yi zamaninsa a Funtua, yanzu yana fama da shanyewar ɓarin jiki, hannun hagu ba ya aiki, ƙafar ma sai da sanda, daga ɗakinsa zuwa zaure ne iyakar tafiyarsa. Tun ina yarinya a zaurenmu dattawan unguwa suke majalisa bayan magariba, shi da amininsa Malam Audu da sauran sa'o'insu, a yi hirar taki da farashin masara, su yi isha'i tare a nan. Kuma Baba ne yake dafa musu shayi da hannunsa, ba ya yarda wani ya yi. Da ciwo ya same shi hura gawayi ya gagara, shayin ya koma fitowa daga cikin gida, ana gani an san ba ya so. Da wuta ta zo sai Yayana, wanda yake kasuwanci a Funtua kuma shi yake saka wa gidan kati, ya kawo masa butar lantarki. Da yatsa ɗaya yake danna ta. Na daɗe ban ga Baba yana dariya irin ta ranar ba.

Matsalar ita ce butar nan tana shan wuta fiye da duk kayan gidan, kuma a daidai lokacin tsada yake kunna ta, ba sau ɗaya ba, duk wanda ya shigo sai an ɗora masa sabon ruwa. Yaya ya kira ni yana mita, wai ni da nake koya wa gari, gidan ubana ne ya fi kowane gida cinye kati. Matan da nake shiga wurinsu ma suka fara yi mini tsiya, wai in fara gyara zaurenmu tukuna. Abin ya yi mini ciwo. Na samu Baba na ce a dinga dafa ruwan da rana a zuba masa a filas, ya ce ruwan filas na masu jego ne, shi baƙonsa sai ya ji tafasa da kunnensa. Na kawo masa bayanin batir da farashi, ya ce in tattara malantata in kai makaranta, nan gidansa ne. Na fito raina a ɓace.

A nan ne na yi abin da nake nadama. Mitar gidanmu a wayata take, tunda ni na yi musu rajista, kuma akwai wurin da mai gida zai iya ƙayyade nauyin wutar da za a ja a wani lokaci. Sai na saita ta yadda da yamma fitila da fanka da rediyo za su yi aiki, amma ana danna buta wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, sai an jima ta dawo. Wallahi nufina ya gaji ya karɓi filas, ban yi tunanin komai bayan wannan ba.

Bai karɓa ba. Ya ɗauka butar ce ta lalace, ya sa Yaya ya aiko da sabuwa, ita ma haka. Kullum ya danna, zaure ya yi duhu, fanka ta tsaya, ga zafin bazara ga sauro, yana ta ba mutane haƙuri. Ya aika aka kira ni, na zo na haska mita da tocila ina dube-dube kamar da gaske, na ce masa ai matsalar batir ɗin kamfani ce. Na kalli idon mahaifina na yi masa ƙarya, dattawa na zaune. A hankali majalisa ta fara raguwa, yau babu wane, gobe babu wane, har ta koma ƙofar gidan Malam Audu, can tsallaken kwalbati, inda ƙafar Baba ba za ta kai shi ba. Ni kuma a lokacin ina can ina shiga gidaje ina cika baki, ina cewa ko gidanmu mun toshe wutar yamma, kati har ragowa yake yi.

Wata yamma na biya na tarar da Baba shi kaɗai a zaure, ga kofuna a jere a kan tire, an wanke, babu mai sha. A ranar na cire abin da na saka, na ce masa an gyara wuta, ya gwada ya gani. Ya ce to, Allah ya sa, amma bai taɓa butar ba. Inna ta gaya mini ya ce mata ba wuta ce ta kore su ba, wuta dalili suka samu, mutane ne suka gaji da zama da gurgu. Tun daga nan maganarsa ta ragu, abinci ma sai an yi da gaske.

Ina cikin wannan na shiga gidan Malam Audu wurin aikina, matarsa ta ja ni gefe ta ce akwai maganar da take so ta gaya mini a matsayin 'ya. Ashe abin da na dinga faɗa a gidaje, mata sun kai wa mazajensu. Dattawan nan sun haɗa maganata da ɗaukewar wutar, suka yanke cewa Baba ne da kansa ya sa aka yi haka don ya gaji da shayar da su, kunya ce ta hana shi faɗa. Ta ce Malam Audu har ƙwalla ya yi, ya ce mutum yana jinya ba za su zame masa nauyi ba, amma da ya gaya masa a matsayinsu na aminai tun ƙuruciya. Shi ya sa yanzu sai ranar Juma'a suke biyawa su gaishe shi a tsaitsaye su wuce. Baba yana ganin sun guje shi, su suna ganin ya kore su, kuma duk garin nan ni kaɗai na san babu ɗaya da yake gaskiya.

Na gaya wa maigidana, ya yi mini faɗa sosai, sannan ya ce in bar maganar, lokaci zai gyara. Ni ban ga alamar gyara ba. In na gaya wa Baba, ina tsoron hawan jininsa, likita ya ce a kiyaye ɓacin ransa, ga shi mutum ne da ya tsani a raina masa wayo, balle 'yar cikinsa, a gaban abokansa. In na fara zuwa wurin Malam Audu, na san kafin gari ya waye magana ta zagaya, Baba ya ji a bakin wasu, ya fi muni. Kuma matan gari za su ce ashe haka nake wasa da mitar kowa, alhali ta gidanmu kaɗai ce a hannuna. Na yi tunanin in ɗora wa kamfani laifin in ce kuskurensu ne, amma ƙarya ce a kan ƙarya, kuma bakina ya riga ya faɗa a gidaje.

Jiya bayan la'asar na kai wa Baba fura, ya ce in naɗe babbar tabarmar zaure a kai masallaci, a bar masa buzunsa ya ishe shi. Ina naɗewa sai ya ce duk cikin mutane ni ce ban gaji da shi ba, Allah ya yi mini albarka, ya ba ni masu yi mini kamar yadda nake yi masa. Na kasa cewa amin.

'Yan uwa, in faɗa masa ni kaɗai, ko in ɗauki Inna da Yaya mu shiga tare? Ko in fara durƙusawa gaban Malam Audu in roƙe shi ya zo ya zauna kafin in buɗe baki? Wanda ya san halin dattawa ya gaya mini ta inda zan fara, don tabarmar tana nan jingine a ɗakina, ban kai ba.