Baƙin Tabon Tafin Ƙafata

Ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Zainabu da yara. Ya Fatakwal, ya aiki? Mu nan sai godiya.

Ka tuna baƙin tabon tafin ƙafata, wanda Sabo mai ba da magani a kamfaninmu na fata a Challawa yake ce mini rini ne? Makon jiya na je babban asibiti. Wata likita ta ɗora masa ƙaramin madubi mai fitila, ba yanka ba allura, ta nuna mini hotonsa. Ta ce ƙurjin wuyana ba komai ba ne, amma wannan tana zargin daji ne. Ta ce, "Baba, me ya sa kuka daɗe haka?"

Na karɓo fayil ɗina daga kamfani, don har yanzu ina karanta Turanci. Ashe shekara huɗu ke nan likitan kamfani ya rubuta a tura ni wannan gwajin, Sabo ya sa hannu. Da na tambaye shi, ya sunkuyar da kai. "Malam, manaja ne ya hana, wai ba mai tantance fatu sai kai."

Habibu, mutumin da muke ci a kwano ɗaya!

Ranar Talata za su yanki kaɗan su gwada, sannan a san ko ƙafar za ta tsira. Jiya Sabo ya zo da lemo, na ce a ce ina barci.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida Zainabu. Kada Hajiya ta ji tukuna.

Yayanka,
Lawan