Inda Layin Ruwanmu Ya Yi Tsalle

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? Akwai abin da ban gaya wa kowa ba: na gaji. Ko na yi barci, da gajiyar nake tashi. Hannuna duk ya tsage. In ka samu mai zuwa, ka aiko min da man shafawa. Baba da Mama suna gaishe ka.

Ƙanwarka

*

Auta,

Ina amsawa. Ke da kwano ɗaya kike wankewa ki kwanta, me ya gajiyar da ke? Ga man nan.

A ofishinmu na ruwa an ba ni wata manhaja a kwamfuta. Ina zuba mata lissafin ruwan da gida ke sha kullum, ta zana layi. Na gaya mata layin hawa kawai zai yi a hankali, yadda zafi ke ƙaruwa, ba sauka. Ƙananan bambanci ba ta kula su, amma in layi ya yi tsalle farat ɗaya, sai ta sa jan ɗigo a ranar. Na gwada da mitar gidanmu. Layinku ya yi tsalle farkon zangon karatun nan, kuma bai dawo ba. Bututu ne ya fashe a ƙasa. Ranar Asabar mai gyaran famfo zai zo ya fasa daɓen banɗaki. Ki gaya wa Baba.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Don Allah kada mutumin ya zo. Ba abin da ya fashe.

Ranar da manhajar taka ta sa wa ɗigo, ranar Baba ya faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na hagu ba ya motsi, kuma ba ya iya riƙe fitsari. Mama tana shagon ɗinki har yamma, ni ke wanke zanin gado da wanduna, igiyar shanya ba ta taɓa zama babu kaya ba. Tun ranar ban je makaranta ba. Baba ya ce kada a gaya maka, wai sabon aiki ne, za ka baro shi. In ina cire zanin, bango yake kallo. Jiya ya ce, “Auta, kin zama uwata.” Na yi masa dariya, na fita baya na zauna gefen bokiti.

Ƙanwarka

*

Auta,

Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi kujera. Ina ta murnar jan ɗigo, ban tambayi mutanen gidan ba. Ki yafe min maganar kwano. Na hana mai gyaran zuwa. Ina da hutu, amma in na zo Baba zai san kin faɗa. In zo, ko in yi shiru? Yadda kika ce.

Yayanki

*

Yaya,

Na gode da man, hannun ya fara laushi. Ka zo ranar Lahadi. Ni zan gaya wa Baba da bakina, ko da zai daina yi min magana. Zan nuna maka yadda ake juya shi ba a taɓa kafaɗarsa ta hagu ba.

Na goge kayan makarantata, na rataye bayan ƙofa. Mama ba ta gani ba tukuna. Ranar Litinin zan koma.

Ƙanwarka