Layar da Kika Rataya Mani

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hurera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Luba. Tun rasuwarki ina garin Isa, gidan ƙanenki Kawu Nafi'u, kuma akwai abin da za ni faɗa maki.

Kin tuna layar da kika kai wa baduku a Gangara ya ɗinke da jar fata, shekarar da na riƙa suma? Kika rataya mani, kika ce, "Ko wanka za ki yi, kar ki cire." Shekara shida ban cire ba.

Ranar sunan ɗan Kawu ina raba fura, igiyar ta leƙo daga wuyan rigata. Kawu ya gani. Ya tsayar da ni tsakar gida gaban mata, ya fiddo wayarsa ya nuna masu hotuna, buzuzu na dutse da wani ido shuɗi. Ya ce layun mutanen Fir'auna ke nan, da su ake naɗe gawarsu, kuma ba su hana su shiga wuta ba. Ya ce ke da su duk ɗaya.

Ya sa reza ya farke layar. Zufa ta riga ta cinye takardar, ko harafi guda ba a gane ba. Wata ta ce to da mi aka tsare yarinyar, suka yi dariya. Matan da suka sha cin tuwonki, Inna.

Sai ya miƙo mani, ya ce in jefa cikin murhu da hannuna, in faɗa da ƙarfi cewa uwata ta yi shirka. Kin san ni, ko a aji ban iya ɗaga hannu. Amma ranar muryata ta fita. Na jefa, na faɗa. Ya ce bai ji ba, na maimaita. Fatar ta daɗe tana ƙauri, har aka ce ta ɓata ƙanshin miya.

Ban san hukuncin laya ba, karatuna bai kai nan ba. Na dai san tsoro ya sa kika yi, tsoron kar ki rasa ni. Ni ma tsoro ya sa, amma ni kaina na ji wa tsoron.

Kawu ya hana ni ambaton ki cikin addu'a. Ina yi a sujada, inda ba ya ji. Allah Ya gafarta maki, Innata, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ba ki ji abin da na faɗa ba. In kin ji, ki yafe mani.

Ɗiyarki,
Luba