Noti Ɗaya na Saji, Noti Ɗaya na Fammar

Daga: Tani Mato Saji,
Saji, Ƙaramar Hukumar Rano,
a madadin ƙanenta, Muntari Mato, direba.

Zuwa ga: Mai Girma Alhaji Zakiyyu Nariya,
Shugaban Kwamitin Amintattu,
Ƙungiyar Haɗin Kan Manoman Saji da Fammar.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 2013.

Game da: Ƙwace makullin motar ƙungiya daga hannun Muntari Mato ba bisa haƙƙi ba, bayan canjin sensar giya.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da haƙurin zama da mu, ana gabatar da wannan ƙorafi gabanka saboda kai ba ɗan Saji ba ne, ba kuma ɗan Fammar ba. Mai ƙorafi, wato Muntari, ya so ya yi shiru ya bar wa Allah. Yayarsa ce ba ta iya ba.

1. Kamar yadda Alhaji ya sani, a kakar zaɓen 2011 wani ɗan takara ya bai wa ƙungiya a-kori-kura guda ɗaya, 'yar Kwatano, mai giya otomatik. Da yake Saji tana ƙasar Rano, Fammar tana ƙasar Kibiya, sai aka ɗora motar a kan tsarinmu na raba-daidai. Mako ɗaya ta kwana a Saji, mako ɗaya a Fammar. Tayoyin gaba mai facin Rano ke taɓa su, na baya na Kibiya. Aka ba Saji direba, aka ba Fammar ma'aji. Mai ƙorafi ya riƙe motar tun daga lokacin, yana kai gyaɗa da dawa kasuwa, yana kai masu naƙuda asibiti, ko kaza bai taɓa takawa ba.

2. A ranar 7 ga Oktoba motar ta ƙi tashi a Saji. Ana murɗa makulli, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Gaskiya ɗaya ce, mai ƙorafi ne ya fara cewa a tura, don shi ma, kamar kowa a ƙasar nan, bai san wani maganin mota da ya wuce turi ba. Majiya ƙarfin Saji suka tura ta har suka jiƙe. Da labari ya kai Fammar, suka aiko cewa ba za a tura motar haɗin gwiwa ba tare da su ba, washegari suka zo suka yi nasu rabon turin. Sai da kowa ya gaji sannan wani baƙon direba mai wucewa ya tsaya, ya yi mana sannu, ya ce irin wannan motar ko har Maiduguri za a tura ta ba za ta tashi ba.

3. Daga baya aka gano sensar giya ce ta mutu. Wata 'yar na'ura ce manne a gefen giyabos, wadda take gaya wa inji inda giya take. In ba ta shaida masa cewa giya tana fakin ko tana firi ba, injin ba zai motsa ba. Bayan Babbar Sallah Kwamitin Gyara ya tura mutum biyu Kano, ɗaya daga kowane ɓangare, suka sayo sabuwa. Mai shagon ya ja musu kunne: a sa giya a firi, a daidaita layin da ke jikin sensar, sannan a ɗaure notinta guda biyu a zama ɗaya. Wakilan sun kawo wannan saƙo yadda aka ba su, kwamiti kuma ya saurara da kyau, har da jinjina kai.

4. Ranka ya daɗe, a nan ne aka yi aika-aikar. Da kwamiti ya ji noti biyu ne, sai murna ta kama shi, ya ce Allah ya kawo sauƙi. Aka yanke cewa Shitu, bakaniken Rano, zai ɗaura ɗaya, Zailani, bakaniken Kibiya, zai ɗaura ɗayan, kowa a ƙasarsa. Ranar Alhamis 24 ga Oktoba Shitu ya shiga ƙarƙashin mota a Saji, ya daidaita layi, ya ɗaura nasa, ya karkaɗe riga ya tafi. Ranar Asabar aka ɗaura wa motar igiya, tarakta ta ja ta zuwa Fammar a kan hanyar da Alhaji ya san halinta, hanyar da ke kwance haƙorin mutum balle abin da ke rataye da noti ɗaya. Zailani ya shiga ƙarƙashi, ya ga sensar ta karkace. Ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu cewa ya gani, amma gyara ta sai an sassauta notin Rano, shi kuwa ba zai taɓa abin da ba rabonsa ba a jawo masa magana. Ya ɗaure nasa tamau a yadda ya same ta.

5. Mai ƙorafi ya roƙi a bar shi ya gwada tayar da motar. Kwamiti ya hana, ya ce an riga an buga katin gayyata na bikin ƙaddamar da gyara, kuma tayar da ita kafin a yanke ƙyalle raini ne ga manyan baƙi. Aka kulle makullin a akwatin ma'aji. Kowa ya san ba a fafe gora ranar tafiya, amma an ce direba ba ya cikin masu magana a taron kwamiti.

6. Ranar Lahadi 3 ga Nuwamba aka yi bikin a filin ƙwallon Fammar. Rumfar mutanen Saji tana gaban mota, ta mutanen Fammar tana bayanta. Aka yi addu'a, aka yi jawabai bibbiyu, aka yanke ƙyalle da almakashi biyu, aka miƙa wa mai ƙorafi makulli. Ya murɗa, shiru. Ya sake, shiru. Maroƙi ya haɗiye kirarinsa. Shugaban Kwamitin Gyara ya leƙo ta taga yana murmushi don jama'a, ya ce masa a ƙasa-ƙasa ya yi wani abu kafin ya kunyata su. Shi kuwa bawan Allah, gumi na keto masa, ya riƙe makulli a murɗe, ya taka totur, ya shiga girgiza giya kamar yadda ake lallaɓa kowace tsohuwar mota. Giya tana faɗawa ribas, karkatacciyar sensar nan ta rantse wa inji cewa firi ce. Motar ta yi gurnani ta yi baya.

7. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, ba a karye ba. Turken rumfar Fammar ne ya tafi, tamfol ya rufto wa dattawa, kulolin shinkafa suka kife, aka zaro hular ma'aji daga ƙarƙashin taya. Kafin a gama kaɗe ƙura daga manyan riguna kwamiti ya zauna a gindin mangwaro, ya zartar cewa ɗan Saji ya yi wa Fammar zagon ƙasa da gangan, ya kuma ƙwace makullin daga hannunsa. Wakilan Saji, 'yan uwanmu da muke cin tuwo tare, suka sa hannu, suka ce don a zauna lafiya. Ba wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, domin duk wanda ya leƙa zai ga kwamiti a can. An bar jaki ana dukan taiki.

8. Yau ga kaka ta yi, ga amfani jibge a gonaki, motar tana tsaye a inda ta tsaya, awaki na kwana a inuwarta. Mai ƙorafi ya je tashar Rano neman mota, aka ce ba a ba mai gaba da jama'a sitiyari. Yara suna binsa suna kiran Muntari Ribas. Ya daina zama a majalisa, sallah ma sai ya bari an tayar sannan ya shiga sahun baya. Ranka ya daɗe, ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai haka ba, kuma wallahi abin yana ci mini rai. Matarsa Jumai ta fara aiko yara gidana da kwano, ita da ba ta taɓa roƙon ko gishiri ba.

Saboda haka ana roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi, da ya ba da umarni a samo bakanike guda ɗaya, mai hannu biyu, ko daga Bunkure ne ko daga Zariya, ya kwance notin nan duka biyun a gaban jama'a, ya daidaita layi, ya ɗaure su a zama ɗaya. In mota ta tashi a fakin lafiya lau, a mayar wa Muntari Mato makullinsa, a kuma wanke sunansa da lasifika a filin da aka ɓata shi. Kafin nan ana ba da shawarar kada kowa ya tsaya a bayanta.

In kuwa kwamiti ya ga duk wannan ya saɓa wa tsari, to a bi tsarin har ƙarshe. Tun kafuwar ƙungiyar nan ba a taɓa bai wa ɗan Saji abu sukutum ba sai wannan laifin. Mai ƙorafi ya gode da karamci, amma kayan sun yi masa nauyi, ga iyali. Yana roƙon a aiko daga Fammar a karɓi rabin laifin, ragowar kuma wakilan Saji su zo su ɗauki nasu.

Allah ya ja zamanin Alhaji, ya sa ya gama da duniya lafiya, ya yi masa jagora a wannan hukunci.

Taka mai biyayya,

Tani Mato Saji,
mamba mai kati, ɓangaren mata.