Karan Ajin Su Nazira

Zuwa ga yayana Ilyasu, a tashar Agiye.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, Inna ma tana gaishe ka. 'Yarka Nazira tana nan lafiya.

Yaya, maganar kara ce ta sa na rubuto. Ka san bana hatsi bai yi ba, karan da muka tara ko rabin na bara bai kai ba. Mushe Hayatu, sabon malamin lakol, makarantar bokon garinmu, ya tara mutane ya ce iskar damana ta kwashe aji, sai an kawo kara an ɗinka a ta da wani. Kowa ya sunkuyar da kai. Mudi mai awaki ya ce, "Mushe, ranar da akuyata ta daina cin abinci zan kawo maka nawa." Aka yi dariya aka watse.

Ni ina so in ba da namu. Amma san da ke jan amalanke namu ne mu biyu, kuma da karan nan zai ƙetare rani, shi ya sa ban taɓa ba sai na ji daga bakinka.

Yanzu a gindin gawo yake koya musu, bisa hanyar shanu, kullum garke na tashinsu. Rannan na tsaida amalanke ina kallo. Nazira ta ɓata lissafi. Na ɗauka tsumagiya zai ɗauko, yadda aka yi mana. Sai ya durƙusa ya ce, "Ta ina kika bi kika zo nan? Nuna mini." Tana nunawa da yatsa a ƙasa, a tsakiya ta tsaya, ta goge da kanta. Yaya, yarinyar nan da sai an roƙe ta take magana, ranar har Inna ta ce ta yi mata shiru.

Ina jiran amsarka. Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Lurwanu.

Lurwanu,

Wa'alaikumus salam. Chindo direba ya ba ni takardarka. Ka gaida Inna.

Kai a aji uku ka tsaya, shi ya sa lakol take maka ƙamshi. Ni na ƙare kwaleji, takardata tana cikin akwati, ga ni ina ɗaure buhunan wake bisa mota, wanda bai taɓa riƙe alli ba yana mini tsawa. In ce maka karatu ya ba ni me? Na iya karanta lambar motar da ta tafi ta bar ni.

Ban musa cewa mushenku mutumin kirki ne ba. Na ga irinsu. Irinsu ne ba su daɗewa a ƙauye. Sa kuwa shi ne ruwan Inna, shi ne takin gona, shi ne kasuwar Gangara. In ya faɗi, mushe ba zai ja amalanke ba.

Ban yarda ba. Amma kara yana gabanka, ni ina nan.

Yayanka, Ilyasu.

Zuwa ga Yaya Ilyasu.

Sallama da gaisuwa, da fatan aiki da sauƙi. Ka yi haƙuri da shiruna, ban san ta inda zan fara ba.

Na ba da karan. Ni da wasu 'yan gidaje muka ta da aji. Mushe da kansa ya kama ɗinki, bai iya ba, yara suna gyara masa yana yi musu godiya. Ni ban ce karatu zai ba Nazira aiki ba. Abin da na gani, ta fara tambaya. Ta tambayi Inna me ya sa ruwan rijiya ke gudu ƙasa da rani, Inna ta ce ikon Allah, ta ce ta sani, amma ina yake zuwa. Mu an koya mana mu maimaita ne kawai, da aka daina duka sai komai ya zube.

To, wancan mako takarda ta zo daga buro, ofishin makarantu na Gazawa. An canza wa mushe wuri, wai wani malami zai zo. Ya bi gida gida ya yi sallama. Nazira ta shige ɗakin Inna ta ƙi fitowa. Har yau ba wanda ya zo.

Sa kuma ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Jiya ya durƙusa a hanyar rijiya, sai da na kwance jarkoki kafin ya tashi. Mutane sun fara zarar kara daga jikin aji, awakin Mudi sun cinye gefen gabas. Ina gani, ban hana ba.

Nazira kullum da safe tana wanke ƙafa ta ɗauki allonta ta dube ni. Yaya, me zan ce mata?

Allah ya bar zumunci.
Lurwanu.

Ƙanena,

Na karɓi gaisuwa. Ba zan ce na gaya maka ba, ni ma ban so ya zama haka ba.

Ka je ka kwance naka karan tun da saura, ka ba sa. Nazira kuma ka ɗora ta motar Chindo ranar kasuwa. Nan akwai aji na siminti. Yara sun yi yawa, wasu a ƙasa suke zama, ba na jin malamin zai san sunanta kafin shekara ta ƙare. Amma ta zo. Ka lallashi Inna, na san za ta yi kuka.

Ilyasu.

Yaya,

Gaisuwa. Na kwance. Yara sun tsaya suna kallona. Sa ya ci, ya miƙe.

Nazira tana tare da Chindo, kayanta suna cikin buhu. Ta koma rashin magana. In ta ɓata wani abu, don Allah kada ka yi mata tsawa.

Sai mun ji saukarta.
Lurwanu.