Har Mai Shayi Ya Samu Gaisuwa

Daren Laraba, Majidaɗi

Yau na ji sabon albam ɗin Buba a cikin keke, ina dawowa daga Abbare. Direba ya ƙure sauti, sai ga ukulelena ta buɗe waƙar farko. Ya ce, "Oga, wannan ƙaramin jita ne ya sa nake maimaita waƙan." Na zauna ina ta murmushi kamar wawa.

Shekara da shekaru ni da Buba muke kiɗa a gidajen biki. Da ya ce zai fitar da nasa shi kaɗai, har situdiyo na bi shi, na yi ta kaɗawa sai da yatsuna suka yi kanta.

A ƙarshen waƙar ya shiga kiran sunaye yadda aka saba. Ya gaida mai situdiyo, ya gaida alhajin da ke ara masa mota, ya gaida mai shayin bakin layinsu. Mai shayi fa! Na kasa kunne ina jiran nawa, waƙa ta ƙare.

Ina sauka na kira shi. Wai, "Haba Iliya, kai ai ɗan gida ne. Kuma wa zai tambayi wanda ya kaɗa jitar yara?"

Tuwon dare ma na kasa ci.

Ɗazu ya turo saƙo: akwai biki Asabar a Kachalla Sembe, kar in makara. Na mayar da ukulelena cikin jaka na zuge. Bari ya nemi mai shayin ya yi masa kiɗan.